DARASI: YOYON MAN HAIDIROLIK A TARAKTA DA JAK

'Yan'uwa, damina ba ta jiran kowa. A ƙasar Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kwanakin huɗa kaɗan ne. Idan tarakta ɗaya ce take yi wa ƙauyuka uku aiki, ta kuwa tsaya mako guda domin garma ta ƙi ɗagawa, gonaki da yawa za su makara. Wanda ya makara da shuka, a rumbu zai gani.

Sau da yawa abin da yake tsayar da tarakta ba babban abu ba ne. Yoyon mai ne da aka gani tun da rani, aka yi ta ƙara mai, ba a nemi inda yake fita ba. A wannan darasi za mu koyi abu ɗaya: idan mai yana raguwa, mu nemo ƙofar da yake bi kafin mu zuba wani. Ƙara mai a injin da yake yoyo daidai yake da ɗibar ruwa da kwando.

Darasin na direbobi ne da yaran tarakta, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da matan da suke matse rogo da jak, da duk mai biyan kuɗin huɗa.

YADDA MAI YAKE ƊAGA KAYA

Iska tana matsuwa, amma mai ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a lura da shi. Idan aka rufe mai a cikin tulun ƙarfe aka danna shi ta gefe ɗaya, ƙarfin dannawar yakan isa kowane gefe daidai. Wani masani na Faransa mai suna Blaise Pascal ne ya bayyana wannan a ƙarni na 17. A shekara ta 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa kaya da yake aiki da wannan hikima.

Ga misali. A ce ƙaramin fistin da babban fistin suna haɗe da bututun mai, faɗin fuskar babban kuwa ya ninka na ƙaramin sau 20. Idan muka danna ƙaramin da nauyin kilo 10, babban zai ɗaga kilo 200. Abin da ke cikin jak ke nan, shi ya sa yaro yake iya ɗaga mota da hannu ɗaya.

Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ne ya haɗa wannan hikima da hannuwa uku na bayan tarakta waɗanda suke ɗaga garma. Taraktarsa TE20 ta fito a 1946, sunansa kuma yana jikin Massey Ferguson da muka saba gani a gonakinmu. Tifa da mai take juye yashi. A Turai da Amurka har itacen wuta da injin haidirolik suke faskarawa. Mu da gatari muke namu faskaren, amma ciwon waɗannan injuna duka iri ɗaya ne, hanyar neman magani kuma ɗaya ce.

Kowannensu yana da abubuwa biyar: ma'ajiyar mai, famfo mai tura shi, bawul mai ba shi hanya, tiyo ko bututun ƙarfe, da silinda mai yin aikin. A duk inda biyu suka haɗu akwai roba ko wosha ko gasket da yake tsare mai. A nan ne yawancin yoyo yake farawa.

ƊIGO ƊAYA BA ƘARAMIN ABU BA NE

Bari mu yi lissafi. Kimanin ɗigo 20 ne suke cika mililita ɗaya. Idan mai yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, a aikin awa 8 an yi ɗigo 28,800, wato kusan lita ɗaya da rabi. A kwana 20 na huɗa an zubar da fiye da jarka guda mai lita 25. Ku tambayi kuɗin jarkar a Tambuwal ko Jega, ku gwada shi da kuɗin roba guda.

Hasarar ba ta tsaya a kuɗin mai ba. Ƙofar da mai ya fita, ta nan ƙura da ruwa suke shiga. Idan mai ya yi ƙasa, famfo yakan ja iska, ya yi zafi, ya cinye kansa. A taraktocin Massey Ferguson da yawa, man da yake ɗaga garma shi ne kuma yake shafa giya da aksil na baya. Saboda haka idan ya ƙare, ba garma kaɗai za ta sha wahala ba.

KAFIN A TAƁA KOME: TSARE RAI

Ƙarfin iskar tayar ƙaramar mota kimanin ba 2 ne a ma'aunin matsi. Man da ke cikin tarakta sa'ad da take ɗaga garma yakan kai ba 170 zuwa 200. Matsi na ba 7 kawai ya isa ya huda fatar mutum. Idan tiyo ya yi ƙaramar huda, mai yakan fito siriri kamar allura, wani lokaci ido ma ba ya ganinsa.

Domin haka:

1. Kada a shafa tiyo da hannu domin neman yoyo, ko da an sa safar hannu. A riƙe guntun kwali mai tsawo ko katako, a bi jikin tiyo da shi, a duba inda ya jiƙe.

2. Kafin a kwance kowane noti, a sauke garma har ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, a ja birki. Sa'an nan a motsa hannuwan haidirolik gaba da baya sau da yawa domin matsin da ya rage ya fita.

3. A bar mai ya huce. Bayan aikin yini yana iya ƙona fata.

4. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma, ko bodin tifa, ko motar da mai kaɗai yake riƙe da ita. A tokare da kututture mai ƙarfi ko ƙarfen tokara.

5. A kori yara daga wurin.

Idan mai ya huda fata, ramin zai yi kama da cizon ƙwaro, zafin ma ba zai yi yawa da farko ba. Wannan ne haɗarinsa. Man yana yaɗuwa a ciki yana kashe nama. Kada a matse wurin, kada a ɗaure shi da igiya, kada a tsaya shafa magani a gida ko a jira gari ya waye. A tafi asibiti nan da nan, a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da ƙarfin inji, a kai masa gwangwanin man ya gani. Irin wannan rauni aikin tiyata yake bukata cikin 'yan awoyi. Idan asibitin kusa ba shi da mai yin ta, a nemi takarda zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Jinkiri yakan jawo yanke yatsa ko hannu.

MATAKAI BIYAR NA NEMAN YOYO

Na ɗaya, a wanke. Injin da mai da ƙura suka lulluɓe ba ya nuna inda yake ciwo. A goge shi da tsumma da ɗan kananzir, a bar shi ya bushe.

Na biyu, a auna. A tsayar da tarakta a wuri mai daidai, garma a ƙasa, a duba sandar awon mai, a rubuta inda ya tsaya.

Na uku, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe tabon da ke kan kwalin zai nuna wajen da za a duba. A lura da irin man. Baƙi ƙirin na inji ne. Mai ƙamshin gas kuma marar kauri, dizal ne. Na haidirolik yakan yi kama da man gyaɗa.

Na huɗu, a bi sawu zuwa sama. Mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma tana kai shi baya. Inda yake ɗiga ba lalle ne inda yake fita ba. A nemi wuri mafi bisa da ya jiƙe. Idan an barbaɗa ɗan garin alli ko hoda a wurin da ake zato, sawun man zai fito fili. Kada a barbaɗa a kan sandar silinda mai sheƙi.

Na biyar, a gwada da kaya. Wani yoyon ba ya fitowa sai mai ya yi zafi kuma garma tana sama. A tayar da inji, mutum ɗaya a kan kujera, ɗaya yana kallo daga nesa kaɗan da kwalinsa.

WURAREN DA AKA FI SAMUNSA

Bakin noti. Girgiza takan sassauta shi. A riƙe da sifana biyu, ɗaya tana tsare bututu, ɗaya tana ɗaurewa, a ƙara kaɗan kawai. Idan bai daina ba, kada a ƙara ƙarfi, gama yawan ɗauri yana tsaga baki ko ya cinye zare. A kwance a duba. Yawanci ƙaramar roba mai zobe ce ta taurare ko ta yanke, ko kuwa woshar jan ƙarfe ce ta gaji. A sa sabuwa mai girma daidai, a shafa mata ɗan mai mai tsabta tukuna. Farin tef na masu aikin famfon ruwa ba shi da amfani a bakin da roba ko wosha take tsarewa. Guntunsa yakan shiga ciki ya toshe bawul.

Tiyo. A duba inda yake gogar ƙarfe, inda ya kumbura, inda rana ta tsattsage shi, da inda waya ta fito. A duba wuyansa, wurin da roba ta shiga ƙarfe. Tiyon matsi ba a yi masa faci. Robar tayar keke da waya ba za su riƙe ba 200 ba, ranar da za su saki kuwa ba a san wanda yake tsaye kusa ba. A cire shi, a toshe bakunan da tsumma mai tsabta ko leda, a tafi da tsohon wurin masu sayarwa domin a samo mai tsawo ɗaya, zare ɗaya, da lambar matsi ɗaya ko fiye. Lambar tana rubuce a jikinsa. Zare iri iri ne. Idan noti ya ƙi shiga da yatsu, ba nasa ba ne. Sa'ad da ake ɗaurawa kada a murɗe tiyon.

Sandar silinda, kamar ta sitiyari ko ta tirela mai juyewa. Ɗan danshi a jikin sanda ba laifi. Idan mai yana taruwa yana ɗiga, sil ya gaji. Kafin a sa sabo a kashe inji, a bi sandar da farce. Idan akwai ƙarzuwa, ko tsatsa, ko ta lanƙwashe, za ta yanke sabon sil cikin 'yan kwanaki. Sai an gyara sandar tukuna.

Sil na shaf ɗin baya da na aksil. Idan cikin tayar baya ya jiƙe da mai, kada a yi wasa da shi. A taraktocin da birkinsu busasshe ne, man yakan kai ga birki ya hana shi kamawa. Igiya ko ciyawar da ta naɗe a shaf takan cinye sil, sai a riƙa cire ta kullum.

Hancin numfashi. Ma'ajiyar mai tana da ƙaramar kafar shan iska. Idan laka ko gidan zanzaro ya toshe ta, mai ya yi zafi, iskar ciki za ta tura shi waje ta sil mai lafiya. Haka ma idan an cika mai ya wuce layi. A duba waɗannan biyu kafin a sayi kome, gama gyaransu kyauta ne.

YOYON DA BA A GANI A ƘASA

Akwai yoyon cikin gida. Mai yana zamewa ta gefen fistin ko bawul ya koma ma'ajiya. Kwali zai kwana a bushe, sandar awo ba za ta ragu ba, amma ƙarfi ya tafi. Ga alamunsa: garma tana ɗagawa a hankali bayan mai ya yi zafi, tana sauka tana komawa sama kamar mai shaƙuwa, ko kuwa da an kashe inji sai ta faɗi ƙasa nan da nan.

Ga gwaji mai sauƙi. A ɗaga garma, a kashe inji, kowa ya ja baya, a duba agogo. Tsohuwar tarakta takan sauke ta sannu sannu. Idan ta kai ƙasa cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki. A irin Massey Ferguson famfo da silindar ɗagawa suna cikin gidan giya, ƙarƙashin kujera. Makanike zai rage mai, ya buɗe murfin gefe, ya haska tocila ya ga inda mai yake zubowa. Wannan aikinsa ne, kuma ba a yinsa a fili ranar iska.

Kada a yarda wani ya ƙara ɗaure bawul na kariya wai domin a ƙara ƙarfi. Shi ne yake sakin mai idan kaya ya yi yawa. Idan aka hana shi, tiyo ko famfo ne zai fashe a madadinsa.

Man kansa yana ba da labari. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a juye a sa sabo. Idan yana kumfa, famfo kuma yana kuka, iska yake sha ko kuwa mai ya yi ƙasa. Idan ya yi duhu yana warin ƙuna, ya sha zafi. Zafin da ya wuce digiri 80 yana taurar da roba.

JAK NA MOTA DA NA MATSE ROGO

Jak yana da wurare huɗu na yoyo: wuyan babbar sanda, ƙaramin famfon da ake sa hannu, dunƙulen saukewa, da robar bakin zuba mai a gefe.

Idan bai kai ƙarshen tashi ba, mai ya ragu. A sauke sandar duka, a tsayar da jak, a cire robar gefe, a zuba man jak har ya kai bakin ramin.

Idan yana taushi kamar soso, iska ce. A buɗe dunƙulen saukewa, a buga hannu sau 10, a rufe, a gwada.

Idan yana sauka da kansa a ƙarƙashin kaya, a tabbata dunƙulen a rufe yake. Idan haka ne, datti ya hau kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe na ciki, ko robar fistin ta gaji. Kada a kwance dunƙulen har ya fita, gama ƙwallon zai iya faɗuwa ya ɓace a yashi.

Kada a zuba man birki a jak ko a tarakta. Yana kumbura robar ciki ya lalata ta. Baƙin man da aka juye daga inji kuma cike yake da datti.

Iyayenmu mata masu matse rogo, ku lura. Ruwan rogo yana da tsami, yana sa sanda tsatsa, tsatsa kuma tana yanke roba. Ku goge jak bayan aiki, ku sauke sandar, ku ajiye shi a tsaye a inuwa. Ku sa katako da faranti tsakanin jak da buhu. Garin da mai ya taɓa ba na ci ba ne, ba kuwa na dabbobi ba.

ƘURA DA RANA

Rigakafi ya fi magani. Manyan magabtan haidirolik a ƙasarmu biyu ne: ƙurar hunturu da zafin bazara, sa'ad da rana take wuce digiri 40. Ƙurar da ido ba ya gani ita take cin famfo da sil kamar dutsen wasa wuƙa.

A goge kewayen murfi kafin a buɗe. A keɓe mazurari ɗaya da jarka ɗaya domin wannan mai kaɗai, a ajiye su a rufe. A sayi irin man da littafin injin ya faɗa, a cikin gwangwanin da ba a fasa ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san abin da aka gauraya masa ba. A wanke ko a sake filta a lokacinta. A yi wa tarakta rumfa.

Man da ya zube a rufe shi da yashi ko garin katako, a kwashe. Tsohon mai a tara shi a jarka mai murfi. Kada a zubar kusa da rijiya, ko fadama, ko inda dabbobi suke sha. Kada kuma a shafa wa dabba ko mutum a ƙurji.

AIKIN ƘUNGIYA

Kayan jama'a yakan lalace domin kowa yana tsammani wani zai duba. Muna ba da shawara uku. A sayi littafi ɗaya, a rubuta ranar da aka ƙara mai da yawansa. Idan an ƙara sau biyu cikin mako, a tsaya a nema. A ware wani abu daga kuɗin kowace huɗa domin gyara. A yi babban dubawa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da makanike yake da sarari, hanya kuma a bushe take zuwa Tambuwal, Jega ko Sakkwato. A sayo robobi, woshoshi da tiyo guda a ajiye.

Direban da ya kawo labarin yoyo da wuri a gode masa. Idan muka saba yi masa faɗa, zai koyi ɓoyewa, mu kuwa za mu ji labarin ranar da garma ta ƙi tashi a tsakiyar gona.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne injuna ne a ƙauyenmu suke aiki da man haidirolik? Wa yake lura da kowannensu?

2. Lita nawa muka saya bara? Akwai inda aka rubuta?

3. Idan mai ya huda hannun wani yau, wane asibiti za mu kai shi, da motar wa, da kuɗin wa?

4. Ina muke zubar da tsohon mai? Yaya nisansa da rijiya?

5. Wace rana za mu sa kafin damina domin mu wanke tarakta, mu shimfiɗa kwali, mu duba tare?